Buhun Ɓawon Doya

Har yau in na ga yarinya ta fere doya ta kwashi ɓawon ta nufi bola, sai na ji raina ya ɓaci. Jikokina sun san halina. Da sun hango ni na taso da sandata sai su ce, "Ga ta nan, mai gadin ɓawo ta iso." Su yi ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa in bi ɓawon in tsince abina in shanya. Ba su san ni ma da hannuna na taɓa jan buhu guda na ɓawon nan na kai wa awaki ba.

A Salaga aka haife ni, garin rijiyoyi da doya. Abin da na fara sani a tsakar gidanmu shi ne shanya. Innata ba ta barin tabarma ta huta, yau rogo ne aka yayyanka za a yi garin tuwon kokonte, gobe barkono, jibi kuɓewa. Aikina shi ne in zauna da tsumagiya ina korar kaji, kuma ban iya ba, don da na ji muryar ƙawayena a bakin rijiya na tafi kenan. Ina shekara bakwai yayar babana ta zo daga Yendi ta ce ta zo ɗaukar 'yarta. Haka ake yi a wajenmu, 'ya mace gwaggonta ke riƙonta har ta aurar da ita. Na yi kuka, Inna ta yi nata a ɗaki, aka ɗora ni a lori.

Gwaggo doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya yabo ba. In ka yi daidai sai ta yi shiru, in ka yi kuskure ka sha ranƙwashi. Mijinta malami ne, gidan kullum cike da baƙi, abin hannu kuwa kaɗan. Amma ban taɓa ganin ranar da ba a ɗora tukunya ba. Yanzu da na tsufa nake mamakin yadda ta yi, a lokacin kuwa gani nake tsabar rowa ce ke damunta.

Ita ta koya mini yanka kuɓewa sirara, a shanya ta a inda iska ke ratsawa don kada ta yi baƙi. Ita ta nuna mini yadda ake zuba wake a tulu hawa-hawa da toka mai sanyi, a liƙe baki da laka, ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba. Daddawa kuwa sai da na ɓata mata kalwa har sau biyu, saboda ba ni da haƙurin barin ta a rufe kwana uku, sai na ɗaga ganye na leƙa. A karo na biyun ba ta doke ni ba. Ta sa aka yi miya da ita haka nan, aka zuba mini ni kaɗai, ta zauna tana kallona har na shanye. Ban sake leƙa daddawa ba.

Amma inda muka fi samun saɓani shi ne wajen fere doya. Tana da wata 'yar wuƙa da ta sha washi har ta zama kamar ganyen ciyawa. In na fere sai ta ɗauki ɓawon ta miƙo mini.

"Ɗaga shi ki dubi rana," in ji ta. "Kin ga haske ta cikinsa?"

"A'a, Gwaggo."

"To kin zubar da abincin mutum guda."

Kuma ɓawon ma ba zubarwa za a yi ba. A wanke shi tas, a shanya har ya bushe ƙayau yana ƙara in an taɓa, a tara a buhu. In abinci ya ja baya sai a daka shi a tankaɗe, a yi wasawasa. Maƙwabta da garin doya sosai suke yin tasu, tamu kuwa ta ɓawo ce zalla, baƙa ƙirin. Ga aiki kamar me. A yayyafa wa garin ruwa a cikin masaki, a yi ta juyawa da tafin hannu har ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar tsakin gero, a zuba a madambaci a turara, a sauke a wanke da ruwan sanyi don ɗacin ya fita, a tsane, a sake turarawa. Kullum a wajen wankin nan nake son yin ha'inci, kullum kuma sai ta kama ni. Na tsani wasawasa, na tsani warin tururinta, na rantse a raina cewa ranar da na yi aure ni da ita har abada.

Auren ya zo 'yan shekaru bayan Turawa sun sauka daga mulki. Wani saurayi ne ɗan Bawku, mai fataucin shanu, da yake sauka a zauren mijin Gwaggo in ya biyo ta Yendi. Na gan shi na ji ya kwanta mini, shi ma haka, manya suka shiga maganar aka sa rana bayan shekara. Tun daga ranar da aka sa ranar nan Gwaggo ta karɓe wuƙar daga hannuna.

"Daga yau ni zan riƙa fere doya," ta ce. "Ke je ki yi daka."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Shekara goma ina fere mata doya, na kai har ɓawona kana ganin rana ta cikinsa, sai yanzu da zan bar gidan za ta nuna ban iya ba? Ta koma bayan madafa take yi ita kaɗai, ta kai shanyarta can bayan ɗakinta. Na lura doyar da ke isowa akushi ta ragu, na lura ita Gwaggo sau da yawa takan ce ta ƙoshi tun ba ta ci ba. Na ce a raina rowa ce ta ƙaru da tsufa.

Ranar tafiya aka fito da kayana, kwanuka da tasoshi da tabarmi da tulun man kaɗe da ƙullin daddawa, abin dai ba laifi. Ana cikin lodi sai ga Gwaggo tana jan wani buhu, ta ɗinke bakinsa da igiya. Da na ji ƙarar da yake yi na san ko mene ne.

"Gwaggo, don girman Allah kada ki kunyata ni a garin mutane. Wace amarya aka taɓa kaiwa da ɓawo?"

"Ƙasarsu ba doya," ta ce. "Daminarsu kuma ba irin tamu ba ce."

"Gidan fatake za ni, ba gidan yunwa ba!"

Wallahi haka na faɗa mata, a gaban mutane, ni da ta riƙa tun ina shekara bakwai. Ta dubi mai lodi ta ce ya ɗora a sama inda ruwa ba zai taɓa ba. Lori ta tashi ina lulluɓe ina kuka, matan da suka rako ni suna tsammanin kukan rabuwa ne, alhali haushi ne. Ko ɗaga mata hannu ban yi ba. Muka bi ta Gambaga, muka gangara wani dutse mai tsayi, muka wuce Garu, duk ina jin buhun yana ƙaras-ƙaras a saman kaina.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Da aka zo buɗe kayan amarya a tsakar gida, ƙannen mijina mata biyu suka farke bakin buhun, ƙaramar ta ɗebo ta ɗaga sama.

"Jama'a ku zo ku gani! Amarya ta zo wa awakinmu da gara!"

Gida ya ɗauki dariya. Kafin sati sunana ya zama amaryar awaki, har a bakin rijiya. Wasa ne irin na ƙannen miji, na sani, ba da mugunta suke yi ba, amma ni ina da zuciya, kuma ina ji da kaina, 'yar Salaga mai Hausa tsantsa a cikin masu gauraya ta da Kusasanci da Mosanci. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Mma, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Gajeruwar tsohuwa ce mai ƙwaƙƙwaran hannu. Ta leƙa buhun, ta shinshina, ta koma ta zauna.

Wata rana da hantsi duk gidan suka tafi suna a maƙwabta, aka bar ni. Na ja buhun nan har garken awaki a bayan gida, na jingine shi a jikin danga, na buɗe baki, na ce to ga garar taku nan. Na dawo na wanke hannu. Da la'asar na leƙa ban ga buhu ba, ban ga ɓawo ba. Na ce ko wani ya ɗauke, oho, Allah ya raka taki gona. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban tayar da maganar ba.

Zaman Bawku ya yi mini daɗi, kada in yi ƙarya. Mma ta koya mini abin da Gwaggo ba ta sani ba. A can albasa kamar ƙasa, sai ta nuna mini yadda ake daka lawashi a dunƙula a shanya ya zama gabu, a jefa ɗaya a miya a tsakiyar damina ka ji kamar yau aka ciro. Ta koya mini tuwon gero da ruwan tsami wanda zai kwana biyu bai lalace ba. Ni kuma ina jin kunyarta irin ta suruka, ba na haɗa ido da ita, in ta yi magana sai in ce "To, Mma" kawai. Kafin ruwa ya sauka na samu ciki.

Daminar shekarar nan ita ce ta nuna mini abin da Gwaggo take nufi. Ruwa ya yi na fari, aka yi shuka, sai ya ɗauke. Shukar ta ƙone a ƙasa. Aka sake wata bayan kusan wata guda. A can akwai wani gero mai saurin nuna da suke kira nara, shi ne ke fitar da mutane daga yunwar tsakiyar damina, to shi ma ya makara. Maigidana ya kora shanu Kudu a ƙasa tun kafin ruwan fari, aka tsare su a hanya saboda ciwon dabbobi, ba shi ba labarinsa. Hatsi ya ɓuya a kasuwa, ko kana da abin saye sai ka yi yawo ba ka samu ba. Mu bakwai ne a gidan: Mma, da tsohon mijinta da ba ya gani sosai, da ƙannen mijina biyu, da 'ya'yan wansa biyu ƙanana da ake riƙo, sai ni da cikina wata shida.

Muka koma ci sau ɗaya a rana. Daga nan tuwon ya zama kunu. Daga nan kunun ya zama ruwa-ruwa, ana cika shi da ganyen rama da tafasa. Yaran nan biyu suka daina wasa, sai su zauna a bakin madafa suna bin hannun mutum da ido. Ni kuwa in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni, abin da ke cikina ma ya rage motsi, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Ranar da Mma ta shiga rumbu da tsintsiya ta sharo abin da bai cika ƙwarya ba, na koma ɗaki na tuna buhun da na kai wa awaki. Na yi kuka mai isata, na zagi kaina, na ce ke dai an yi 'yar banza mai girman kan tsiya.

Da safe Mma ta kira ni ɗakinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta nuna sama da hannu. Can a jikin azara, inda hayaƙin murhunta ke bugawa, ga buhuna a rataye, ya yi baƙi da hayaƙi, an sake ɗinke bakinsa.

"Sauko da shi a hankali," ta ce. "Ni ban san yadda ake cin abin nan ba, ba abincinmu ba ne. Amma ranar da aka buɗe na ga an jera barkono da ganyen darbejiya a ciki hawa-hawa don ƙwari. Wadda ta zauna ta yi wannan aikin ba don awaki ta yi ba. Kin iya dafawa?"

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ashe ta dawo ɗaukar goro ranar sunan nan ta gan ni ina jan buhun, ta bari na shige ta kori awakin ta ɗauke. Wata shida ba ta ce mini uffan ba.

"Na iya, Mma," na ce. A raina kuwa ina roƙon Allah ya sa gaskiya na faɗa, don ban taɓa yin wasawasa daga farko har ƙarshe ba tare da Gwaggo a tsaye a kaina ba, kuma in na ɓata ba wani garin da za a sake ɗebowa a banza.

Na zazzage kaɗan a faifai. Na sama-sama irin wanda na sani ne, siriri, nawa na da. Da na zura hannu ƙasa sai na ji wani abu mai nauyi. Na ɗauko ɗaya na karya. Cikinsa fari fat, kaurinsa ya kai ɗan yatsana. Na ɗauko wani, haka. Na tona har tsakiyar buhun, duk haka. Wannan ai ba ɓawo ba ne, doya ce aka yanko da gangan aka bar ta manne da ɓawonta. Matar da ta yi shekara goma tana ranƙwashina in na bar tsoka kamar ƙwayar gero a jikin ɓawo, ita ce ta shekara tana yi wa doya yankan ɓarna a bayan madafa inda ba mai gani. Na tuna akushin da ya ragu. Na tuna "na ƙoshi" da take cewa. Na zauna daɓas a ƙasa da guntun doya a hannu, har sai da ƙaramar ƙanwar mijina ta taɓa ni ta ce, "Yaya, lafiya?" Ranar ce ta fara kirana Yaya.

Su biyun suka kama mini daka. Na tankaɗe, garin ya fito da haske, ba irin baƙin da na saba ba. Ba su da madambaci a gidan, sai Mma ta ɗauko wata tsohuwar tukunya muka huda gindinta da ƙusa, muka liƙe da tsumma da ɗan ƙullu. Na yayyafa ruwa ina juyawa, sai ga shi yana dunƙulewa da kansa kamar hannun ba nawa ba. Da na sauke turaren farko yaran suka matso, ƙamshi ya tashi, tsohon ma daga ɗaki yana tambaya me ake dafawa. Mma ta ce a zuba musu haka nan, sun gaji da jira.

"A'a, Mma," na ce, karo na farko da na taɓa musa mata. "Sai an wanke an sake turarawa. In ba haka ba ɗaci zai hana su ci."

Ta dube ni, ta ce, "To, ke kika sani."

Na wanke, na tsane, na mayar. Na narka ɗan man kaɗen da ya rage, na marmasa gabu guda da gishiri da barkonon da ya fito daga cikin buhun. Aka zuba a babban akushi. Kowa ya sa hannu, sai ƙarar tauna. Ƙaramin yaron ya cinye nasa ya lashe hannu ya kwanta a wurin barci ya ɗauke shi. Ni ma na ci, abincin da na rantse ba ni ba shi, kuma ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba. Da yamma abin da ke cikina ya yi wani juyi har sai da na dafa bango.

Mma ce ta riƙa aunawa, ƙwarya ɗaya a rana, a cika da ganye. Buhun nan ya riƙe mu har nara ta nuna aka fara yanko kai ana gasawa. Maigidana ya dawo bayan haka, ya rame ya yi baƙi, ya tarar da mu bakwai cif, ba wanda ya kwanta. Maƙwabta biyu sun zo na nuna musu yadda ake yi, ko da yake ba su da doyar. Sunan amaryar awaki kuwa bai bar ni ba, sai dai yanzu in an faɗa har ni ake dariyar.

Da cikina ya shiga wata tara aka mayar da ni Yendi goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mma ta haɗa ni da gabu cike da ƙwarya da sabon gero ta ce in kai wa Gwaggo, in ce mata wata tsohuwa a Bawku tana gaishe ta da aiki. Ni kuma na wanke buhun na ninke na sa a ƙasan kayana. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, yadda zan durƙusa in nemi gafara.

Na same ta a bayan madafa tana fere doya. Ta ƙara ramewa. Na durƙusa da ƙyar saboda ciki, na ajiye buhun a gabanta, duk maganar da na shirya ta gudu. Ta ɗauka ta warware, ta juya cikinsa waje, ta duba ɗinkin gindin.

"Kin wanke kafin turare na biyu?"

"Na wanke, Gwaggo."

"Bai yi ɗaci ba?"

"Bai yi ba." Sai na ƙara da cewa, "Gwaggo, na ga yankan. Na ga abin da kika bari a jiki."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ido ne ya fara ba ni wahala, wuƙar ke zamewa."

Na dubi ɓawon da ke gabanta a faifai, wanda ta fere yanzun nan. Na ɗauki ɗaya na ɗaga, na ga rana ta cikinsa sarai. Ta ga na gani. Ta yi ɗan tsaki, ta matsa mini a kan tabarma, ta miƙo mini wuƙar.

"Zauna ki ƙarasa," ta ce. "Ni bari in ɗora miki ruwa."